Waya Ta Kai Fuska, Wa Zai Kai Ƙafa?

Ranar 5 ga Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya rufe Skype, manhajar da tun 2003 ta koya wa duniya kira ta intanet, wadda kamfanin ya saya a 2011 a kan dala biliyan 8.5. A Turai da Amurka an yi ta rubutun bankwana. A Kano da Maraɗi ko a jikin mutane, domin ba ta wannan ƙofa yawancinmu muka shiga ba. Skype ta 'yan boko ce masu kwamfuta a ofis. Talaka ta WhatsApp ya shigo, wadda ta kawo saƙon murya a 2013, kiran murya a 2015, na bidiyo kuma a ƙarshen 2016, sai IMO da ta samu karɓuwa wurin masu 'yan'uwa a Saudiyya. Yau tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta san in hoton jikanta ya cika fuskar waya, koren maɓalli za ta ja.

Tun daga nan gardama ta tashi, kuma har yau ba ta kwanta ba. Wasu na cewa ba a taɓa yin zamanin da zumunci ya yi sauƙi irin wannan ba. Wasu kuma, galibinsu dattawa amma ba su kaɗai ba, na cewa zumunta a ƙafa take, abin da ake yi da ɗan yatsa kuwa a nemo masa wani suna.

Masu goyon baya sukan fara da tuna mana yadda nisa yake a da. Bahaushe matafiyi ne tun fil'azal. Fatake kan tafi Gwanja sayen goro su shafe watanni ba amo ba labari. Maniyyata kan bi ta Barno da Chadi da Sudan a ƙasa, tafiyar da kan ci shekaru, wasu ma su yada zango a hanya ba su ƙara ganin gida ba. Garin Mai Wurno da ke Sudan waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Wanda ya tafi a wancan zamani sai dai wasiƙar ajami, ita ma in an dace da mai zuwa gida. Daga baya aka shiga yayin kaset. Mutum ya zauna a ɗakinsa a Makka ko a Zangon Kumasi ya ɗauki muryarsa, ya gai da kowa da sunansa har maƙwabta, a ba alhaji mai komawa ya kawo. A taru a tsakar gida a kunna rikoda, mata na share hawaye da gefen zani, a juya ɗaya gefen a ɗauki amsa. Kafin amsar ta isa, wataƙila wanda aka ce a gaishe shi da jiki an yi sadakar arba'in ɗinsa. Masu ƙaramin ƙarfi kuma su aika kati zuwa Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna, su kasa kunne ko za a karanta.

Kafin 2001 layukan tarho a duk Najeriya ba su kai 500,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Da wayar salula ta zo a watan Agustan wannan shekarar, minti ɗaya naira 50 ne, shi ya sa muka ƙware a filashin da gaisuwar tsaitsaye: "Lafiya? Lafiya. To katina zai ƙare." Kiran ƙasar waje kuwa sai ta kama dole, rasuwa ko haihuwa.

Abin da intanet ta yi shi ne ta cire nisa daga lissafin kuɗi. A kiran da muka saba da shi, kamfani kan ware maka hanya daga wayarka zuwa ta wanda ka kira, in hanyar ta tsallaka iyaka kamfanin can ƙasar ya karɓi kasonsa, kai ka biya. A kiran intanet kuwa wayarka ce ke daddatsa muryarka ƙanana-ƙanana, ta mai da ita lambobi, ta tura su ta hanyar da saƙonni da hotuna ke bi, wayar can ta harhaɗa su su koma murya. Data kawai kake biya, ita kuwa ba ta tambayar inda za ta. Kiran maƙwabcinka da kiran Jidda kuɗinsu ɗaya. Minti guda na murya bai cika cin megabait 1 ba, bidiyo ne mai haɗama.

Mutanen kan iyaka sun fi kowa sanin darajar wannan. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, dangi ɗaya ne, ana auratayya, ana cin kasuwar juna, amma a wurin kamfanonin waya kiran ƙasa da ƙasa ne. Haka Illela da Ƙonni, haka Daura da Damagaram. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. A waɗannan watanni an haihu, an yi aure, an mutu a ɓangarorin biyu. Wanda ba zai iya bin ɓarauniyar hanya a kan babur ba, ta waya ya ga jaririn, ta waya ya yi gaisuwar mutuwa. Ka ce wa irin wannan mutum zumunta a ƙafa take, zai ce maka ƙafar tana nan, shinge aka sa mata.

Ko a cikin gida ma ƙafar ta yi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya ninninka, ma'aikacin da ke leƙa gida duk wata ya koma sai da Sallah. Ga hanyoyin da mutum ke shiga da addu'a a bakinsa: Birnin Gwari, Funtuwa zuwa Gusau, Abuja zuwa Kaduna, inda ko jirgin ƙasan da jama'a suka gudu gare shi sai da aka kai masa hari a Maris ɗin 2022. Iyaye mata da yawa da bakinsu suke cewa, "Kada ka zo, ɗan nan, ka kira ni kawai." Uwa ta gwammace ta ga ɗanta a gilashi da a sayar da gona a biya kuɗin fansa. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, ta WhatsApp iyaye suka riƙa bin sawun 'ya'yansu ɗalibai tun daga ɗakunan kwanansu har bakin iyakar Masar.

Akwai kuma hujjar da maza ba su cika kawowa a majalisa ba, don ba su ta shafa ba. Yarinyar da aka aurar daga Zariya zuwa Fatakwal, a da sai ta shekara ba ta ji muryar uwarta ba, sai lokacin ganin gida ko goyon ciki. Yanzu jariri ya yi zazzaɓi da tsakar dare, ta haska fitila ta nuna wa uwar, uwar ta ce, "Wannan ba na jiƙo ba ne, ku tafi asibiti yanzu." Matar da ba ta fita sai da izini ta samu hanyar ganin 'yan ɗakinsu ba sai ta roƙi kowa ba. Jikokin da aka haifa a Landan ko Riyad na jin Hausa daga bakin kaka, har da tsokanar nan ta jika da kaka: "Kai, mijin nan nawa, ina kuɗin cefane?" Duk wanda ya ce wannan ba zumunci ba ne, bai taɓa yin kewa ba.

To ina masu suka suka samu abin faɗa? Sukar iri-iri ce, kuma ba nauyinta ɗaya ba. Masu cewa duk abin da Nasara ya ƙera sharri ne, a bar su, an faɗi haka a kan rediyo da talabijin.

Wasu na cewa zumuncin da ya rataya a kan sabis, makullinsa na hannun wasu. Gaskiya ne. A Satumbar 2021 hukuma ta sa aka kashe layukan sadarwa a duk jihar Zamfara don yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane na shiga mota zuwa wani gari don kawai su ce wa 'yan'uwa suna raye. An yi irin haka a Barno da Yobe a 2013. Chadi ta toshe WhatsApp da 'yan'uwanta daga Maris ɗin 2018 zuwa Yulin 2019. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an daɗe da toshe kiran WhatsApp, sai manhajojin da hukuma ta amince da su irin su Botim. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024 manyan wayoyin intanet 4 da ke kwance a ƙarƙashin teku suka lalace daura da Kodibuwa, Afirka ta Yamma ta wuni tana lalube. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Sai dai in an duba, wannan kukan rashin kira ne. Ban ji wanda ya sha wahalar Zamfara ya fito yana cewa a koma kaset ba.

Batun 'yan damfara ma da gaskiyarsa. Kusan kowa ya san wanda aka yaudara ya karanto lambobi 6 da aka turo masa, aka ƙwace masa WhatsApp, aka bi danginsa ɗaya bayan ɗaya ana roƙon kuɗin asibiti da sunansa. A da maganin abin shi ne ka kira ka ji murya, ko ka ce a kunna bidiyo. Yanzu na'ura na kwaikwayon duka biyun: a farkon 2024 wani ma'aikaci a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugabanninsa, ashe fuskokin duk na bogi ne. Malamai tun da wuri suka yi taka-tsantsan a nan. A zamanta na Jidda a 1990, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta ƙulla ciniki ta tarho da makamantansa, amma ta ware ɗaurin aure saboda sharaɗin shaidu. Mu dai al'adar wakilci ta hutar da mu: ango na Kanada, wakili da waliyyi na ƙofar gida, goro na zagawa.

Sukar da ta fi kama ni daga cikin gida ta fito. Gidan Bahaushe hawa-hawa ne: ƙofar gida, zaure, shigifa, sannan tsakar gida, kuma kowane baƙo inda matsayinsa ya tsaya nan yake tsayawa. Ya yi sallama, a aiko yaro, mai gida ya sa riga ya fito. Kiran bidiyo ba shi da zaure. Faɗowa yake yi har ƙuryar ɗaki, a lokacin da mai kira ya ga dama. Matar gida na tuƙin tuwo da ɗaurin ƙirji, sai miji ya miƙo mata waya, "Ga Baba, ku gaisa." Ta rasa mayafi, ta rasa inda za ta sa idonta, don a tarbiyyar da ta tashi a ciki suruki durƙusa masa ake yi, kai a sunkuye. A waya ina za ta durƙusa? Uwar da ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta sakin fuska a gabansa, yau an ɗora mata fuskarsa a tafin hannu. Na ga masu karkatar da wayar tana kallon rufin ɗaki har a gama magana, kuma ban ga laifinsu ba. A ƙauye ma abin ya fi haka: babbar waya ɗaya ce a gidan, tana hannun wani saurayi, shi ke kai ta caji, shi ke sa data, shi ke riƙe ta a buɗe lasifika. Tsohuwar da ke son ta yi wa 'yarta maganar sirri sai ta haɗiye, don kishiyoyi da jikoki duk sun kewaye ta suna leƙe.

Masu kare waya za su ce wannan gyaruwa yake yi, kuma sun faɗi gaskiya. Mutanen kirki sun koyi tura saƙo tukuna, "Zan iya kira?", mata da yawa kuma sun koyi ƙin ɗaukar bidiyo su mayar da kiran murya, ba wanda ya ji haushi. Ladabin abin ne bai gama nuna ba.

Ita kanta gaisuwar tana shan wahala. Gaisuwarmu karɓa-karɓa ce, ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, kowa na shigowa daidai inda ɗan'uwansa ya tsaya. In jinkirin isar murya ya doshi rabin daƙiƙa, sai a fara cin karo: kana "ya iyali" yana "ya aiki", ku yi shiru tare, ku sake farawa tare, rabin kiran ya tafi a "kana ji na?" Shi ya sa dattawa da yawa suka fi son saƙon murya, wanda in ka lura kaset ɗin nan ne ya dawo. Mutum ya yi sallama, ya jero gaisuwarsa a natse, ya sa albarka, ba mai katse shi.

Sannan ga zargi. "Kunna bidiyo in ga inda kike." "Na gan ka a kan layi, ka ƙi ɗauka." A da wanda ya yi tafiya yana da uzurin nisa, yanzu rashin ɗaukar waya laifi ne da ake kai ƙararsa gaban iyaye. Ɗan ci-ranin da ke tura baro a Legas, wanda a da yake tara 'yan kuɗinsa ya dawo da su dunƙule kafin damina, yanzu duk buƙatar da ta taso a gida a ranar take samunsa, har wasu kan sauya layi don su samu su tara jari.

Masu goyon baya na son kawo karin maganar nan, gani ya kori ji. Amma wane gani? Kyamara abin da aka nuna mata take nunawa. Yaron da ke kwana a cunkushe da 'yan'uwansa a wani ɗaki a Jidda yakan fita ya jingina da motar wani sannan ya kira gida. Mahaifin da ƙafarsa ta kumbura yakan sa hula, ya gyara zama, a nuna shi daga ƙirji zuwa sama, ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Bahaushe ko yana gargara da sauƙi zai ce. Wanda ya zo da ƙafarsa ba sai an gaya masa ba. Zai ga buhun hatsi ya kwanta, ya ga katangar da damina ta ci, ya ji warin ɗakin da mara lafiya ya daɗe a ciki, ya lura ƙanwarsa ta daina zuwa makaranta. Bayan sallar magariba maƙwabci ya ja shi gefe ya ce, "Gara da ka zo."

Na taɓa zama a ɗakin wata dattijuwa da ke jinya. 'Ya'yanta maza duk suna nesa, autarta mace ce a kanta. Da yamma babban ya kira. Autar ta tashe ta zaune, ta gyara mata kallabi, ta goge mata baki, sannan ta riƙe wayar daidai fuskarta.

"Inna, ya jikin?"

"Da sauƙi. Ya yaran?"

"Lafiya lau. Kin dai ci abinci?"

"Na ci. Allah ya yi maka albarka."

Kofin kunun na nan gefen gado ko rabi ba a sha ba, amma kyamara ba ta kai can ba. Sai ya ce a ba shi auta.

"Ke, na ga Inna ta faɗa. Anya kuna ba ta maganin nan a kan lokaci?"

"Muna ba ta, Yaya."

"To a dai kula sosai. Kuma a daina barin mutane suna cika mata ɗaki."

Ya kashe waya yana jin ya duba mahaifiyarsa, kuma ba ƙarya ba ne, ya duba ta. Autar ta ajiye wayar ta ɗauki fo ta fita. Ita ce ba ta runtsa ba daren jiya, ita ce ta ajiye sana'arta, ita ce mijinta ya fara ƙorafi, kuma ita aka yi wa faɗa. Ko sannu da ƙoƙari bai ce mata ba.

A ganina wannan ne dattawa ke nufi, ko da ba haka suke faɗinsa ba. Zumunci na da nauyin da da jiki ake ɗaukarsa: ɗaga mara lafiya, kwanan asibiti, ɗaukar makara, zaman makoki, wanke-wanken biki, rakiyar amarya. Kira na raba labari ga kowa daidai wa daida, nauyin kuwa yana barinsa inda yake, a kan wanda ke gida, kuma sau da yawa mace ce. Ƙari a kan haka yana ba na nesa damar sa baki ba tare da sa hannu ba. A da wanda ba ya nan ba shi da ta cewa, in ya dawo godiya yake yi wa waɗanda suka riƙe gida. Yanzu yana gani, yana gyara, yana ba da umarni daga falonsa, har ya fi mai jinya sanin abin da ya kamata.

Amma labarin bai ƙare a nan ba, kuma sauransa na ɗaya ɓangaren ne. Da tura ta kai bango, yayan nan ya sake kira, autar ba ta gyara kallabin ba. Ta juya kyamarar ta nuna masa ƙafar, ta nuna masa takardar gwajin da likita ya rubuta aka kasa yi, ta nuna masa kofin kunun. Kafin isha'i alat ya shigo, a ƙarshen mako ga shi da kansa. Ba don wayar ba, da sai dai ta aika saƙon baki a ce mata tana ƙara gishiri. Abin da ya fake da shi, shi ya zame mata shaida. Don haka masu suka ba za su ci wannan shari'a ɗungurungum ba. Wanda ke riƙe da wayar ne ke zaɓar abin da za a gani, kuma kunya ce ta saba hana shi nuna gaskiya, kunyar da ta girmi WhatsApp nesa ba kusa ba.

Ni inda na tsaya, sai an raba mai kira gida biyu. Wanda teku ko iyaka ko 'yan bindiga ko babu ta tsare, kiransa zumunci ne gwargwadon ikonsa, malaman fiƙihu ma sun daɗe da cewa ana sada zumunta da ziyara, da aike, da wasiƙa, gwargwadon hali da al'ada. Abin da ya rage masa shi ne ya san akwai mai ɗauke masa nasa kason, ya kira ta ita ma don kanta, ya tambayi abin da take buƙata kafin ya tambayi abin da ta kasa yi. Amma yau ana rasuwa a Fagge, ɗan'uwa na Hotoro, duk cikin Kano, ya yi ta'aziyya ta waya. Ana suna a unguwar da ɗan sahu ɗaya zai kai ka, a turo hoton addu'a a guruf ɗin iyali. Wannan ba nisa ne ya hana shi ba. A da in ba ka je ba, ba ka da bakin magana, ka riƙa sauya hanya kada ku haɗu. Yanzu kana da "ai na kira". Shekarar korona ta ƙara wa abin ƙarfi: an kulle Kano a Afrilun 2020, aka hana taro, aka soke hawan Sallah, mutane suka koyi gaisuwa daga nesa bisa larura. Larurar ta wuce, da yawa ba su koma ba.

Akwai kuma tambayar da har yanzu ban ji masu goyon baya sun amsa ba. Su waye ke kiran juna yau, su shafe awa suna dariya? Waɗanda suka ci tuwo a kwano ɗaya ne, suka sha bulala a makarantar allo ɗaya, suka san wanda ya fasa tulun Gwaggo aka daki wani. Hirarsu a waya daga wannan zama take ci. Kakanninmu na da dabarun ƙulla irin wannan: a ba kawu ko gwaggo riƙon yaro, a tura yara ƙauye su yi hutu, taubasai su biyo juna karɓar kuɗin shara da cika-ciki. Duk waɗannan sai an haɗu. Yanzu riƙo ya ja baya, hutun ƙauye tsadar mota da tsoron hanya sun cinye shi, kuma ba na ganin laifin uban da ya ƙi sa 'ya'yansa a hanyar Gusau. Sai dai 'ya'yan masu kiran nan lambobin juna kawai suke da su. Ranar Sallah uba na hira da ƙaninsa, sai ya kira ɗansa.

"Zo ga Baffanka, gaishe shi."

"Ina wuni, Baffa."

"Lafiya lau, ɗana. Ya makaranta?"

"Lafiya."

"Ga ɗan'uwanka nan, ku gaisa."

Yara biyu su kalli juna, kowa ya ɗaga hannu, kowa na jiran a sallame shi ya koma wasansa. Uban ya karɓi wayar, shi da ƙanin su ci gaba da maganar gonar gado da ke bayan gari, wadda yaran nan biyu ne za su zauna rabonta wata rana.